Ranar da Gari Ya Zo Bikin Kiɗa da Fartanya

Ranar ashirin da ɗaya ga watan Yuni, a shekarar da nake aji biyar na firamare, hantsi ya same ni durƙushe a tsakiyar filin makarantarmu, gabana wata ganga wadda ta kusa kai ni girma, ina zuba mata gula iya ƙarfina. An yi ruwa da asuba, ƙasa sai ƙamshi take, rigar makarantata ta manne mini a baya don gumi. Yara sun yi mini zobe suna tafi suna ihu, kaina ya kumbura, na tabbata a wannan rana babu wanda ya kai ni tun daga Kura har Bunkure. Ina cikin wannan jin daɗi na ɗaga ido, sai na hango mutane a kan gaɓar kanal, babbar hanyar ruwan ban-ruwa, sun jero suna sassarfa sun nufo mu, kowa da fartanya a kafaɗa. Na gabansu dogo ne, ya naɗe wando zuwa gwiwa, hula ta karkace, yana tafe kamar ana tunkuɗo shi daga baya. Babana ne, Malam Audu. Shi ne kuma mutumin da ya taɓa ce mini ranar da ya ga ganga a hannuna, ranar na gama boko.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane yadda na jefa kaina cikin wannan hali. Mu 'ya'yan kanal ne. Ruwan Tiga ya ratsa ƙauyenmu tun kafin a haife ni, a cikinsa muka koyi iyo, a bakinsa muka sha duka don mun koyi iyon. A littafin karatunmu an rubuta cewa manomi yakan huta da rani. Wanda ya rubuta bai taɓa zuwa garinmu ba. Da damina masara da dawa da gero, da rani tumatir da albasa da shinkafa, kafin a kwashe wannan an yi renon wancan. Aikin yara a cikin duk wannan shi ne korar tsuntsaye idan shinkafa ta fara nono. Jan-baki kan taso kamar hayaƙi, su sauka a gona ɗaya su bar wa mai ita kara. Sai a kewaye gona da igiya, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, a ɗora yaro a kan rumfa ya wuni yana ja yana ihu. Wanda bai yi wannan aiki ba bai san tsawon wuni ba. Don kada zaman ya haukata mu, muka mai da komai abin kiɗa. Karan shinkafa in an tsaga shi yana busuwa, lawashin albasa ma haka, bututun da ake zuƙo ruwa daga kanal in ka iya hura shi sai ka rantse kakaki ne da mura ta kama. Ni kuwa jarka ce tawa, tsohuwa mai ruwan ɗorawa, da sanduna biyu.

Gonarmu tana iyaka da ta Kaka Nomau, wani tsoho daga unguwar Maguzawa da ke tsallaken kanal. Shi ne makaɗin gangar noma na yankin nan a zamaninsa. Kafin tarakta da 'yan ƙwadago su yi yawa, ba a gayya sai da shi, kuma kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, wanda in aka kaɗa jikinsa zai ɗau tsuma ko da zazzaɓi yake kwance. A lokacin da na san shi yatsunsa sun sandare, gayya ta ja baya, 'ya'yansa kuma babu mai sha'awar gadon. Ɗaya ya tafi Kano, ɗaya ya ce ganga ba ta sayen taki. Wata rana ya gaji da haukan da nake yi wa jarka, ya leƙo ta kan kunya ya ce, "Kai ɗan Audu, tsuntsu kake kora ko kunnena?" Ya zo ya karɓi sandunan. Abin da ya fito daga wannan jarka ban taɓa jin irinsa ba. Tun daga ranar, duk lokacin da tsuntsaye suka tafi hutun tsakar rana, sai ya koya mini: da farko buɗewa, wadda ya ce da ita ake fara komai, sannan taken mazaje ɗaya bayan ɗaya. Ba ya faɗa mini sunayensu na yanka, sai laƙabi. Wanda na fi so, na fi kuma iyawa, shi ne na wani wai shi Karya-Ƙota. Take ne mai gudu, mai tsalle a tsakiya, kamar mutum ya tsallake kwata bai rage sauri ba.

Babana bai ɗauki kiɗa zunubi ba. Ƙasƙanci ya ɗauke shi, wanda a wurinsa ya fi muni. Ranar da ya tarar da ni na dage kan jarka, jan-baki kuma sun dage kan shinkafarsa, bai ɗaga murya ba. Ya bari na sauko daga rumfa, ya ce, "Mu manoma ne. Mu ake yi wa kiɗa, ba mu ke yi ba." Sannan ya ƙara da wancan hukunci na ganga da boko. Na daɗe ina neman abin da ya haɗa ganga da boko, har na girma na gane babu, illa dai ya san abin da na fi so a duniya. Ni kaɗai aka sa a makaranta a ɗakinmu, ina kwana ina tashi da mafarkin sakandare, da akwatin ƙarfe mai sunana a jiki. Babana kuwa ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta.

Ana nan sai aka turo mana 'yar bautar ƙasa daga kudu, muna kiranta Anti Ngozi. Faransanci ta karanta a jami'a, saboda haka aka ba ta lissafi ta koya mana. Hausarta a wurin masu tallan kasuwa ta tsince ta, ko gaisuwa take sai ka ji kamar tana neman ragi. Wata safiya a wurin taron layi ta tsaya kusa da Hedimasta ta yi mana bayani, shi yana gyara mata Hausar. Ta ce akwai rana guda a shekara, a ƙasar Faransa aka faro ta har ta bazu a duniya, wadda kowa yake fitowa da abin kiɗansa ya kaɗa a fili, gwani da ɗan koyo, ba a sayar da tikiti, ba a kuma liƙi. Hedimasta ya ɗan tsaya a kan batun rashin liƙin, ya sake tambayarta da Turanci don ya tabbata, sannan ya fassara mana cikin muryar mai ba da labarin abin al'ajabi. Ya ce tunda duniya ce gaba ɗaya za ta yi, bai ga dalilin da zai sa a bar garinmu a baya ba, amma a filin makaranta za a yi, ba a kan hanya ba. Mu ba mu san inda Faransa take ba. Abin da muka ji shi ne za a wayi gari babu lissafi, kuma malamar lissafin ce da kanta ta nema.

Makaranta ta rikice. 'Yan mata suka kwashe ƙwaryar iyayensu da ludayi, wasu suka samo shantu. Maza suka bi gonaki suna tsince gwangwanayen korar tsuntsu, aka sace bututun ban-ruwa har wani manomi ya zo ya yi wa Hedimasta ƙorafi. Da Anti Ngozi ta tambayi wanda ya iya ganga ta gaske, yatsun ajinmu duka suka juyo kaina. Ya kamata in sunkuyar da kai. Amma ta dafa kafaɗata ta ce, "Isuhu, kai za ka rufe taro," ni kuwa a lokacin ko kanal ta ce in shanye sai na nemi moɗa. Na yi lissafina irin na yaro: na ji Babana yana cewa a ranar zai kai shinkafa inji a Kura, kuma wanda ya je layin inji ba ya dawowa sai yamma. Zan kaɗa, in mayar da ganga, in wanke hannu, babu wanda ya gani sai duniya.

Kaka Nomau bai yi gardamar ba da aron gangarsa ba. Ya sa aka sauko da ita daga inda take rataye, ya kakkaɓe mata yana, ya shanya fatar a rana, ya ja igiyoyinta da haƙori da ƙafa tunda yatsu sun ƙi. Da ya gwada ta sau ɗaya, kajin gidan suka watse. Muna ɗora ta a baro ya tambaye ni, "Me za ka kaɗa musu?" Na ce, "Abin da ka koya mini mana, Kaka." Ya dube ni, ya dubi gangar, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi, cewa kawai ya yi, "To zan zo kallo." Na ɗauka murna ce yake taya ni.

Abu biyu lissafina ya manta. Na farko, ruwan da aka yi da asuba ya ɓata hanya, Babana ya ɗaga tafiyar Kura ya wuce gonar masara. Na biyu, wanda ya ƙirƙiro gangar noma bai yi ta don sirri ba.

Taro ya fara lafiya. 'Yan mata suka kife ƙwarya a ruwa suka yi kiɗansu da gaɗa, 'yan aji ɗaya suka busa karan shinkafa kowa da inda ya nufa, masu bututu suka yi abin da ya sa jakin maƙwabta ya amsa musu, aka tafa wa jakin. Anti Ngozi ta rera wata waƙar Faransanci, muka amsa mata da ƙarfi duk da ba mu san ko zaginmu take ba. Sai aka gangaro da gangata. Dukan farko da na yi mata, a ƙirjina na ji shi kafin kunne. Kurciyoyi suka tashi daga darbejiya. Na fara da buɗewa kamar yadda aka koya mini, na shiga taken mazaje ina jera su, sannan na faɗa na Karya-Ƙota, na yi ta maimaita shi don na ga yana tayar da yara tsaye. Ban san cewa buɗewar nan ita ce kiran gayya ba. A kan jarka, a tsakiyar shinkafa, ba ta taɓa kiran kowa ba. Amma a kan gangar Nomau, a lokacin noman firi, wato noman farko, da safe bayan ruwa, babu manomin da ya haura arba'in a yankin nan da zai ji ta ya tsaya tambaya. Daga baya suka riƙa ba da labari: kowa ya ɗauka shi kaɗai ne saƙon gayyar bai isa gidansa ba, kuma babu abin kunya kamar a kaɗa takenka a duba ba a gan ka ba. Wani ya bar kokonsa a kan tabarma, wani ya bar injin ban-ruwa a kunne.

Haka suka shigo filin makaranta, Musulminsu da na tsallaken kanal, suna haki. Anti Ngozi ta yi tsalle tana tafi, ta ɗauka rawar gargajiya ce aka shirya mata a ɓoye, har da kayan wasa. Ni kuwa hannuna ya mutu a sama. Babana ya tsaya a kaina, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, idonsa ja. Bai fara duba ni ba; Nomau yake nema. Ya hango shi zaune a gindin darbejiya. Tsohon ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna masa babu komai a ciki, sannan ya ce yadda kowa zai ji, "Karya-Ƙota, ka yi nauyi! Da can kafin in juya take ka iso." Mazaje suka kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Na dubi mutumin da ke ba ni tsoro tun ina rarrafe, mai carbi da rediyo da magana ɗaya, na ga ashe duk watannin nan sunansa nake kira a kan jarka.

Sai ya sauko da idonsa kaina, ya sauke shi kan gangar, ya mayar kan gular da ke hannuna. Na ji akwatin ƙarfe mai sunana yana nisa. Can wani daga baya ya ce, "To wai gonar wa za a yi ne?" Hedimasta mutum ne da bai taɓa barin ko guntun alli ya tafi a banza ba. Ya gyara murya ya nuna bayan azuzuwa, inda gonar masarar makaranta take, wadda masu makara kaɗai ke noma ta, ciyawarta ta fi 'yan aji ɗaya tsawo. Mazaje suka dubi gona, suka dubi Babana. Jikinsa har lokacin bai daina tsuma ba, ina ganin fartanyar tana rawa a kafaɗarsa. Ya juyo ya daka mini tsawa: "Wa ya ce ka tsaya? An taɓa tara maza a yi musu shiru?"

Ban taɓa kiɗa kamar na wannan rana ba, ban kuma sake ba. Yara suka ciccibi gangar suka kai ta bakin gona, mazaje suka jeru, kowa ya kama kunyarsa. Fartanyoyi suka riƙa tashi tare suna sauka tare, ƙasa mai laima tana juyewa baƙa. Kaka Nomau ya matso kusa da ni yana raɗa mini wanda ya fara sanyi, in kaɗa takensa, sai ka ga mutum ya zabura kamar an ɗana masa garwashi. Masu gwangwani da masu bututu suka biyo baya, 'yan mata suka kawo ƙwaryarsu, mata suka fito daga gidaje suna rangaɗa guɗa. Anti Ngozi ta cire takalmanta ta karɓi fartanya, ta sare masara biyu kafin a lallashe ta ta koma tafi. Babana kuwa ya wuce kowa. Ya kai ƙarshen kunya ya juyo ya kama wata, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba, duk lokacin da na zo wurin tsallen nan na tsakiyar take sai ya yi wani ihu da ban san yana da shi a maƙogwaronsa ba. Ƙota dai ba ta karye ba. Bayansa ne ya kusa, don kwana da kwanaki Inna tana shafa masa man zafi.

Kafin azahar gona ta yi fes, sai aka zo ga abin da Faransa ba ta tanada ba. Ba a sallamar 'yan gayya da yunwa. Wanda ya kira shi ke ciyarwa. Hedimasta ya tuna yana da wani aiki na gaggawa a ofis. Aka dubi Kaka Nomau, ya ce, "Ganga tawa ce, amma hannun na gidan Audu ne." Babana ya share gumi, ya aika gida. Inna da maƙwabtanta suka ɗora manyan tukwane, aka juye shinkafar da aka tanada don cin gida, aka haɗa da wake da mai da yaji, aka dama fura. Mazaje suka ci, yara suka ci, har masu wucewa a keke suka jingina suka ci, kowa yana sa wa Malam Audu albarka a kan gayyar da bai kira ba, a gonar da ba tasa ba. Ni kaɗai na koma gefe ban ci ba.

Washegari ban jira a faɗa mini ba. Na ninke rigar makaranta na sa a ƙarƙashin matashi, na sa tsummar gona, na ɗauki fartanya na fito. Babana yana zaune a ƙofar ɗakinsa ya jingina da bango a hankali, irin zaman mai ciwon baya, yana shan koko. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ina zuwa?" Na ce gona. Ya ce, "Gonar wa?" Na ce tamu. Ya ajiye ludayi. "Wuni ɗaya ka yi da ganga, ka tara mini gari, ka cinye mini shinkafar damina, ka karya mini baya. In na ajiye ka a gona kusa da Nomau, kafin kaka sai na sayar da rumbu. Tashi ka ba ni wuri, ka tafi can ka dami malamanka." Na ji Inna ta ƙyalƙyale a madafa ta mai da shi tari. Na sa riga a baibai, na kai ƙofar gida, sai ya kira ni. Bai dube ni ba, kokonsa yake kallo. Ya ce, "Wurin tsallen nan, kana saurin shiga. Ka ce wa Nomau ya gyara maka."

Yanzu duk shekara idan ranar ta zagayo nakan gani a waya, manyan birane, fitilu, mutane da kayan kiɗan da ban san sunansu ba. Nakan je gida in tarar kanal yana nan, shinkafa ta ma fi da yawa, amma maganin feshi ya karɓe aikin fartanya, ƙarar da ke tashi a gonaki ta inji ce, yaran da ke kan rumfa kuma kowanne da abin sauraro a kunne, kiɗan duniya duka yana aljihunsa. Ba na ce sun yi asara ba. Sun fi mu jin abubuwa. Sai dai a cikin duk abin da suke ji, babu wanda aka yi don ya kira mutum ɗaya da sunansa ya fito. Kaka Nomau ya rasu, gara ta ci gangarsa, Babana ma ya bi shi. Taken yana nan a yatsuna, wani lokaci nakan tsinci kaina ina buga shi a kan tebur, na ma gyara wurin tsallen. Mai amsawa ne babu.